Robar Kitso a Ƙugiyar Malam

Ni mai kitso ce. Shekara da shekaru ina tsaye a wani ɗan shago kusa da Barbès a birnin Paris, jirgin metro na ruri a saman kanmu, ina kitsa kawunan mata tun safe har ƙafafuna su kumbura. Idan akwai abin da zan bugi ƙirji in ce na sani a duniyar nan, to roba ce, 'yar ƙaramar robar nan da muke ɗaure bakin kitso da ita. Ko ido rufe zan ɗaura ta. To wannan sanin nawa shi ne ya ci ni, ya haɗa da mijina, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malam nake ce masa. Ɗan masunta ne, a bakin tafkin Madarunfa aka haife shi, can wajen Maradi. Da ya zo Faransa aikin gini ya kama, yana ɗaukar bulo da siminti kwana shida a mako. Ran Lahadi kuwa, ko ana ruwan ƙanƙara, sai ya saɓa sandar fatsarsa ya hau bus daga Clichy-sous-Bois inda muke zaune, ya tafi bakin kanal, wani kogi da aka haƙa da hannu. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba ya kawo kifin gida. Al'adar masu fatsar nan ita ce ka kama, ka duba, ka mayar ruwa, kuma shi ma ya ce ruwan kanal ba abin amincewa ba ne. Nakan ce masa, "Malam, ɗan masunta guda ka koma mai zuwa gaishe da kifi." Sai ya yi dariya ya ce ai zumunci a ƙafa yake.

Wata safiya yana sunkuye yana ɗaura takalmi zai tafi aiki, sai ya kife a bakin ƙofa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Bayan wata biyu a asibiti ƙafa ta dawo, magana ta dawo, idon hagu ya rage gani, hannun hagu kuma ya dunƙule kamar mai ɓoye goro. Matar da ke yi masa gashin hannu, wadda muke ce wa kine, ta faɗa mana a fili: hannun da ba a aiki da shi rufewa yake yi, in ya rufe kuma ya rufe ke nan. Ta ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon nan a ƙarƙashin gado na riƙa sharo ta. Ya ce shi ba jariri ba ne.

Sau ɗaya ya gwada komawa kanal. Ya dawo da jini a yatsa. Tanar da yake son sokewa ta ƙi tsaya masa, ƙugiya ta shige naman hannunsa. Daga ranar ya jawo kujera bakin taga, a hawa na tara, ya zauna yana kallon inda ake ajiye motoci. In fita da safe yana nan, in dawo yana nan. Tsoro ya kama ni, domin na ga maza irinsa a unguwarmu, ba ciwon ke kashe su ba, kujerar ce.

Wanda ya cece mu a lokacin wani abokinsa ne, Alhaji, mutumin Chadi. Tare suka yi aikin gini da ƙuruciya kafin shi ya koma birnin Lyon. Shi ma mayen fatsa ne. Ya kira ni a waya, muka gaisa, ya tambayi jikin Malam, na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Hajiya, ki kawo mini shi. Kwana biyu kawai nake so." Da ƙyar da jiɓin goshi na sa Malam a jirgin ƙasa.

Washegari da hantsi Alhaji ya kai mu bakin kogin Saône. Ya buɗe akwatinsa ya fito da abinci na kifi, busassun ƙwayoyi masu tauri, kamar kashin awaki. Malam ya ce wannan ai ba ya soke a ƙugiya. Alhaji ya ce ba soke shi ake ba. Sai ya nuna mana wasu 'yan zobban roba, ƙanana ƙwarai, elastik yake ce musu. Ana ɗaure ɗaya a jikin ƙugiya. Akwai wani ɗan hantsaki mai baki uku, ka zura bakin cikin robar, ka danna da babban yatsa, robar ta buɗe, ka sa ƙwayar a ciki, ka saki, ta rungume ta. Ba tana mai mutsu-mutsu, ba tsinin ƙugiya kusa da yatsa.

Ɗaura robar a ƙugiya shi ne aikin da ke son hannu biyu masu lafiya, don haka ni Alhaji ya juyo ya koya wa. Yana yi yana bayani. Ya ce kowace ƙwaya da girman robarta. In robar ta matse da yawa, ƙwayar na jiƙa sai ta dare biyu. In ta yi sako-sako, da ka jefa zare abincin ya yi nasa wuri, ƙugiya ta faɗa ruwa tsirara. Ya ce kullum robar ta ɗan gaza ƙwayar kaɗan, kuma a riƙa kula kada maiƙo ya taɓa ta. Na ji bayanin ya yi mini yawa. Na ce, "Haba Alhaji, ni za ka koya wa roba?" Na karɓe ƙugiyar na ɗaura kafin ya rufe baki. Ya duba ya ce lalle an gaishe da mai kitso. Muka yi dariya, ni har da fankama.

Alhaji ya sa hantsakin a hannun Malam na hagu, ya ce da wannan za ka danna, na dama ya sa ƙwaya. Na zauna ina kallon babban yatsan nan yana rawa. Ƙwayar ta faɗi, ya ɗauko wata. Ta sake faɗi. Gumi ya keto masa duk da iskar kogi. Na so in karɓa in yi masa, Alhaji ya girgiza mini kai. A karo na biyar ko na shida robar ta buɗe, ƙwayar ta zauna daram. Kafin azahar Malam ya jawo wani kifi mai faɗi kamar faranti. Ya riƙe shi a ƙirji yana yi masa magana da irin kalmomin masuntan garinsu da ban taɓa jin ya yi ba, sannan ya mayar da shi ruwa. Ranar ban ce komai ba game da tukunya.

Alhaji ya ba mu hantsakin, da buhun ƙwayoyi, da fakitin roba guda. Duk bazara da damina ta nan Malam yana bakin kanal kwana uku a mako. Litinin ce ranar hutuna, sai in zauna bayan karin kumallo in ɗaura masa ƙugiyoyi goma ko fiye, in jera su a jikin wani soso, in sa a akwatinsa. Hannun ya fara buɗewa. Ya koma sa maɓallin rigarsa da kansa. Ya riƙe buta. Ranar da ya gutsura burodi da hannu biyu ya kira ni daga kicin in zo in gani. Kine ta ce ko me yake yi, kada ya daina.

Da kaka ta shigo robar Alhaji ta ƙare. Malam ya kwatanta mini wani kantin kayan fatsa a bayan gari, ya ce in biya. Ran Asabar ce, ranar da shagonmu ke cika, na bar mata uku suna jirana da kai a tsefe. Na canza bus sau biyu. Na manta ban ɗauko tsohon fakitin ba. Mai kantin ya kai ni gaban wani bango cike da fakitoci, ya tambaye ni wane girma nake so, ƙwayar mijina milimita nawa ce. Ina na sani? Bai yi mini rashin kunya ba, gaskiya ɗaya ce, amma akwai wasu maza biyu a wurin da suka juyo suna kallona da ɗankwalina, sai na ji zuciya ta taso mini. Na ɗauki fakiti ɗaya na ɗaga shi a haske. Na ce a raina, yau ga abin banza, wannan ai robar kitso ce aka canza wa riga. Ina da ita buhu-buhu a shago. Na ajiye masa abinsa na fita.

Ran Litinin na zazzage robar kitso daga aljihun rigar aikina, farare masu haske, mafi ƙanƙanta da muke da su. Sun fi na Alhaji faɗi, sai na ninka kowace biyu kamar yadda nake yi a bakin kitson yara, na ɗaure a ƙugiya. Na gwada da ƙwaya a kan tebur, ta riƙe. Malam ya tambaye ni ko na samu kantin. Na ce na samu. Ban yi ƙarya ba, haka na gaya wa kaina. Shi kuma da idonsa ɗaya da rabi bai ga bambanci ba.

Makon nan ya dawo ba labarin kifi ko ɗaya. Mako na biyu ma haka. A na uku muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Hannun nan ya fara yaudarata." Na ce kamar yaya. Ya ce, "Ina sa abincin, ina gani ya zauna. In jefa, in jira, in jawo, ƙugiya wayam. Ba kifi ne ke ci ba, na san cin kifi. Ni ne ba na sa shi daidai, kuma ba na jin cewa ban sa daidai ba." Na ce sanyi ne ya shigo, kifi ba ya ci da sanyi. Ya ce shi aka haifa a bakin ruwa, ba ni ba.

A nan ne nake jin kamar in shaƙe kaina. Maganar robar ta gifta mini a rai a teburin nan, ba zan ɓoye ba. Ta gifta, na kore ta. Na ce roba roba ce. Na gaji, bayana na ciwo, kuma in na yarda da ita sai na koma kantin nan na tsaya gaban mutanen nan. Sai na ci gaba da ɗaura masa robar kitso kowace Litinin, har da ƙara kyautata ɗaurin. Shi kuma ya ci gaba da zuwa ya zauna a sanyi awa huɗu, awa biyar, yana gadin ƙugiyar da ba komai a jikinta, yana zargin yatsansa. Wata rana da ya dawo fuska a murtuke na ce masa, "In kifi ya ƙi ka, ni me na yi maka?" Da bakina na faɗi haka.

Kafin ƙarshen shekara ya jingine sandar bayan ƙofa. Ya koma kujerarsa. Ya daina zuwa wurin kine, ya ce ɓata lokacin baiwar Allah ne, ciwon ya dawo ta ciki. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, na kira limamin masallacinmu ya yi masa nasiha. A banza. Duk hunturun nan ina kallon hannun yana komawa inda ya fito. Maɓalli ya gagara. Buta ta gagara. Na koma yanka masa burodi.

Da sanyi ya wuce na kira Alhaji. Ya ce in sake kawo shi. Wannan karon sai da na rantse wa Malam cewa in bai tashi ba ni ma ba zan ƙara zuwa shago ba, mu zauna mu biyu mu kalli motoci. Muka isa Lyon, muka koma wurin nan dai a bakin kogi. Malam ya zauna a kan wani benci can gefe yana hutawa daga tafiyar, ni da Alhaji muka sauka kusa da ruwa da kayan. Alhaji ya buɗe akwatin Malam ya ɗauko soson ƙugiyoyin. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Hajiya, wannan robar daga ina?"

Na ce daga wurina, ta kitso ce, ai duk ɗaya ne.

Ya ciro ɗaya daga soson. Ya murza ta a yatsa, ya kai hanci. Ni ma daga inda nake na san ƙamshin, man kitsonmu ne, wanda ke zama a aljihun rigata da hannuwana. Ya sa mata ƙwaya, ta riƙe. Ya tsoma ta a ruwa, ya ɗan kaɗa zaren sau ɗaya. Ƙwayar ta sulɓe ta nutse muna kallo. Ya sa wata, ya yi kamar zai jefa, ta fice tun kafin ta taɓa ruwa. Ya ce, a hankali don kada Malam ya ji, "Tun yaushe?" Na ce tun kaka. Ya ce, "Inna lillahi," ya rufe akwatin. Na zauna a kan duwatsu.

Amma har a lokacin ina da sauran fata. Na ce ai an gano ciwon, sai magani. Alhaji ya ɗauko ƙugiya daga nasa kayan, mai robar gaske, ya kira Malam ya sa masa hantsaki a hannun hagu. Sai da ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin hantsakin ya shiga. Malam ya danna. Ba abin da ya motsa. Ya cije leɓe ya sake dannawa, kafaɗarsa duka tana rawa, bakin hantsakin ko gezau. A na uku abin ya suɓuce ya faɗa tsakanin duwatsu. Bara a wurin nan yatsan rauni kawai gare shi. Bana ya sandare.

Alhaji ya ce ba komai, shi zai riƙa sa masa abincin, shi dai ya riƙe sanda. Malam ya ce, "A'a, Alhaji. Wanda ake sa wa abinci a ƙugiya ɗan rakiya ne." Ya hau ya koma bencinsa. Ranar ko Alhaji bai jefa zare ba.

A jirgin komawa Paris na gaya masa. Tun daga kantin, da mazan da suka kalle ni, da aljihun rigata, da ƙwayar da ta sulɓe a gaban Alhaji. Ban rage komai ba. Na shirya wa duk abin da zai ce, ko saki ne na cancanta. Ya saurare ni har na gama, yana kallon gonaki ta taga. Sai ya juyo yana murmushi, irin wanda rabona da gani tun damina.

Ya ce, "Ke da Alhaji kuka kitsa wannan a bakin ruwa?"

Na ce wallahi gaskiya ce.

Ya ce, "Kada ki rantse a kan ƙarya saboda ni. Na san hannuna."

Na ɗaga murya har mutane suka waiwayo. Na ce ni ce, ni na yi, hannunka lafiyarsa ƙalau a lokacin. Ya ɗora hannunsa na dama a kan nawa ya ce, "Tun da na aure ki ban taɓa jin kin ce ke ce da laifi ba, ko kofi kika fasa sai kin ce tebur ne. Yau kin ɗauki wanda ba naki ba. Allah ya saka miki da alheri." Ya mayar da kai taga.

Da muka dawo gida na cika bokiti da ruwa na kai gabansa, na nuna masa yadda ƙwayar ke sulɓewa daga robar kitso. Ya kalla, ya ce lalle na iya dabara. Alhaji ya kira shi ya tabbatar masa, Malam ya ce ya gode da zumunci. Na koma kantin nan da ƙwaya ɗaya a ƙulle a bakin ɗankwalina, na ajiye ta gaban mai kantin, ya auna ya ba ni robar da ta dace cikin minti ɗaya. Minti ɗaya fa. Na ja Malam wurin kine da ƙarfin tsiya, ta duba hannun ta daɗe tana lanƙwasa yatsun, ta ce za a gwada, amma ba ta kalle ni ba da take faɗi. Zuwa biyu ya yi ya ce ya isa.

Abin da ya fi ci mini rai, tun ranar jirgin nan ya fi sona. Yakan gaya wa masu zuwa gaishe shi cewa Allah ya ba shi mace, har laifin hannunsa ta so ta ɗauka. Su juyo su sa mini albarka, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Gafara nake nema, shi kuma ya ce babu abin yafewa, to a wurin wa zan same ta?

Har yanzu ina ɗaura ƙugiyoyi ran Litinin, da robar gaske, bayan na wanke hannu da sabulu sau biyu. Soso uku sun cika, suna cikin akwati bayan ƙofa. Kowace safiya kafin in tafi shago nakan kawo ruwan ɗumi in buɗe masa yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya in wanke tafin, domin in an bar shi a rufe yana yin wari, farce kuma yana cin nama. Shekaranjiya ina cikin yi, babban yatsan ya ƙi miƙewa ko kaɗan, na ja shi har na ji tsoron karya shi. Hawaye suka zubo mini cikin kwanon. Malam ya sa hannunsa mai lafiya ya share mini fuska, ya ce, "Daina kuka, Hajiya. Ai ba ke kika yi ba."